Farar Hoda da Ma'aikatan Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda ta bar mu nan lafiya sai abin da ba a rasa ba. Allah Ya ba ki lafiyar ƙafar nan da kika ce tana damun ki in kin daɗe a tsaye wurin aiki, Ya sa kaffara ce. Mu nan alhamdu lillahi. Uwar 'yan biyu ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har bakinta ya dawo da ƙarfinsa, ni ne shaida. 'Yan biyu kuwa ɗaya ta zubar da haƙoran gaba, ɗayar tana ta girgiza nata da yatsa don kada a bar ta a baya. Gwaggo tana nan yadda kika san ta, kunne biyu baki goma. Baba yana cin abinci, yana shan maganinsa a kan lokaci, jininsa bai hau ba. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta, domin sauran wasiƙar duk a kansa take.

Na san za ki yi mamaki, wai yau Aku ne ya ɗauki biro ya bar waya. Dalili biyu ne. Na farko, leɓena na sama ya kumbura ya yi suntum, in na yi magana ni kaina ba na gane abin da na faɗa, kuma za ki ji yadda aka yi in kin kai ƙarshe. Na biyu, kin san ni a waya. Zan yi ta zagaye da ke, in kawo wannan in kawo wancan, har ki ƙare ke ce kike ba ni haƙuri. Da bakin nan nake sayar wa mutum abin da bai fito saye ba. To wannan karon ba ciniki nake so mu yi ba, ita kuma takarda ba ta da murya, abin da aka rubuta shi ne.

Na san Gwaggo ta riga ni. Ta gaya miki ni na kashe wa Baba ƙudan zumarsa, kuma ta gaya miki ya ce ki shirya masa tafiya, zai komo wurinki da zama kamar yadda kika daɗe kina roƙo. Duka biyun gaskiya ne, ba ta ƙara gishiri ba, abin da ban taɓa zaton zan faɗa a kan Gwaggo ba. Abin da nake roƙo guda ne, kada ki yanki tikiti tukuna. Ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki yi abin da kika ga ya dace.

Kin tuna garejin da kika gina a gefen gida, wanda ya zama fanko tun da aka sayar da motarki. Ni ɗan kasuwa in na ga ɗaki babu kowa a ciki, ji nake kamar ana zubar da abinci a gabana. Da wake ya yi araha sai na saro buhuna na jibge a ciki, da niyyar in jira ya yi daraja. Ban tambaye ki ba, don na san amsar. Baba ya gani, ya ce mini wake ba ya zuwa shi kaɗai, da baƙinsa yake tafe. Na ce masa ai wannan waken na musamman ne, busasshe ne ƙarau. Ashe araha ba ta ado. Ba a jima ba ƙwari suka fara huda shi daga ciki, gari yana zuba ta jikin buhunan yana taruwa a ƙasa. Kyankyasai suka ji labari suka zo da iyalansu. Kiyashi kuwa layi suka ja daga tagar baya har gindin buhunan, kai ka ce titi aka shimfiɗa musu. In na buɗe ƙofar garejin da safe, sai ƙasa ta yi motsi.

Da so samu ne feshi zan yi in huta. Amma kin san dokar gidan nan. Akwatunan zumar Baba guda uku suna bayan garejin, a inuwar bango, dab da tagar, kuma tun ranar da ya kafa su ya haramta feshi ko wane iri. Ko sauro ne sai dai a shiga gidan sauro. Ke ba ki nan lokacin da ya fara, ni ina nan. Bayan rasuwar Inna mutumin nan ya daina fitowa tsakar gida, sai ya wuni yana kallon bango. Ƙudan nan su suka fito da shi. Yana ce musu ma'aikata. Da safe zai ja kujerarsa ya zauna a gefe yana kallon fitarsu, ya ce ma'aikata sun fita aiki, da yamma ya ce sun taso. Ko da kika matsa masa ya zo wurinki, ai kin tuna amsar da yake ba ki, wai wa zai bar wa ma'aikata. Saboda haka ko a mafarki ban yi niyyar taɓa su ba. Don in kare su ne ma na je neman abin da ba guba ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Na je shagon maganin gona, wurin wani da muke kira Mai Feshi, na ce ina son abin da zai kashe ƙwari amma babu guba a ciki. Ya ɗauko mini wata farar hoda a buhun takarda, laushinta kamar fulawa, ba ta da wari ko kaɗan. Sunanta a jikin buhun dayatom. Ya ce ƙasa ce ake haƙowa daga inda tafki ya taɓa zama tun zamanin da, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce da ido ba ya gani. A hannun mutum gari ce kawai, amma ga ƙwaro kamar ya bi ta kan fasasshen gilashi ne. Tana kankare maiƙon da ke bayansa, ta tsotse ruwan jikinsa, sai ya bushe ya mutu. Ya ce ba ta aiki nan take, sai an yi haƙuri, kuma in ta jiƙe ta tashi aiki sai ta sake bushewa. Ya ce in ɗaura takunkumi in zan zuba, don ƙurarta ba ta yi wa huhu daɗi. Ya ce in barbaɗa ta siriri, a bakin bango da cikin tsaga da ƙarƙashin katakon da buhuna ke kai, yadda da ƙyar ido zai gan ta. Ya ƙara faɗin wani abu bayan wannan, na ga bakinsa yana motsi, amma ni a lokacin hankalina yana kan yadda zan sa ya rage mini, kuma ya ƙara mini gyara. Na samu duka biyun. Na fito ina jin na ci kasuwa.

Yaya, kin san hannuna. Tun ina yaro a gaban tire, in na auna sai na ɗora gyara, da shi na riƙe masu saye har yau. Hannun nan bai san siriri ba. Na fara yadda aka ce, da tsohon buroshin fenti, ina bin bango a hankali. Da na dubi abin sai na ga kamar rowa na yi wa ƙwarin. Na ce in kaɗan tana kisa, da yawa ai sai ta yi kisan kiyashi na gaske. Na ɗauko rariyar uwar 'yan biyu na yi ta kaɗawa a kan buhunan, da kan garin waken da ya zube a ƙasa, da dakalin taga, har garejin ya koma fari fat kamar injin niƙa. Ita ta leƙo ta ce ko biki za a yi ne ake wa buhu kwalliya, ta kuma ce rariyar ta bar mini har abada. Tagar baya kuwa na bar ta a buɗe, don an ce wurin ya zauna a bushe, ni kuma na ce iska ta riƙa shiga.

Hodar ta yi aikinta, ba zan ci amanarta ba. Kwanaki kaɗan na fara share kyankyasai a kwance, ƙafafu a sama. Layin kiyashi ya yanke. Har na fara yi wa abokan kasuwa wa'azi a kanta, kamar ni na haƙo ta. Abin da ban sani ba, lokacin zafi ne, furanni sun ƙare a unguwa, kuma ƙudan zuma in suka rasa garin fure, duk wani gari mai laushi da suka samu kwasa suke su kai gida. Ashe tun kafin in zuba hodar sun gano garin waken nan, suna shigowa ta taga suna ɗiba. Na gan su, Yaya. Wannan shi ne abin da ba ya barin kaina. Wata safiya na shiga na tarar da su suna birgima a kan buhu, sun yi fari tas, suna tashi da ƙyar suna fita ta taga. Na tsaya na yi dariya. Har na kira uwar 'yan biyu na ce ta zo ta ga ma'aikatan Baba sun koma aikin niƙa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na tabbata abin nan ba ya taɓa su, na ce mata ai ba guba ba ce, har a rumbun hatsi ana zuba ta. Na faɗa da irin muryar da nake rantse wa mai saye, ta juya ta fita.

Baba ne ya fara lura fitar safe ta ragu. Sai gawa ta fara taruwa a bakin akwatunan, wasu suna jan jiki a ƙasa ba sa iya tashi. Ya zaci ciwo ne ya shigo musu. Ya wanke kaskon ruwansu, ya canja musu wurin inuwa, ya dama musu ruwan sukari. Ya zauna yana tuhumar kansa, wai ko hannunsa ne ya tsufa, ko ya yi musu hayaƙi da yawa ranar da ya buɗe su. A gabana yake faɗi, ni kuma ina ba shi baki, ina cewa ai zafin bana ne. Wallahi a lokacin ban haɗa abin da hodar ba, ko kuma in ce zuciyata ta fara haɗawa, ni na hana ta ƙarasa. Akwati na farko ya mutu ƙurmus. Na biyu, waɗanda suka rage suka tashi wata rana da hantsi suka bar masa saƙar zuma fanko. Ya tsaya yana kallon su har suka ɓace a bayan rufin maƙwabta, hularsa a hannu.

Washegari ina karyawa sai ya shigo da ɗan faranti ya ajiye kusa da kofin shayina. Gawar ƙuda ce a ciki, cike da tafin hannu. Ya ɗauki ɗaya ya murza a tsakanin yatsunsa, ya nuna mini farin da ya fito. Ashe ya zauna ya bi tashin waɗanda suka rage da ido, ya ga inda suke shiga, ya leƙa tagar. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu abin kamawa, kin san ni da zagi kamar kifi ne da ruwa. Cewa ya yi kawai, ashe ba hannunsa ba ne, ya gode Allah da ya san haka. Ya juya ya fita. Na zauna shayin ya huce a gabana. Da la'asar ya sauko da jakar tafiyarsa daga kan kabad, ya kakkaɓe ta, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, ya aika aka kira Gwaggo. Sauran kin ji daga bakinta.

Tun ranar bai sake ce mini Aku ba. Shi ya raɗa mini sunan nan, da shi yake kira na ko a gaban baƙi, ko a gaban surukaina. Yanzu in na gaishe shi zai amsa lafiya lau, cikin mutunci, kamar yadda ake amsa wa mai karanta mita. Na gwammace mari.

Na koma wurin Mai Feshi da niyyar in sauke masa kwandon bala'i, don mai neman inda zai ajiye laifi ba ya rasa kan wani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ai ya gaya mini hodar ba ta san na gida ba, ba ta san baƙo ba, duk mai ƙafa shida ɗaya ne a wurinta, kuma ya ce in akwai zuma ko furanni kusa in rufe ko'ina in ajiye ta inda ƙuda ba ya kaiwa. Ya ce daidai lokacin ne nake ce masa buhunsa bai cika ba. Maƙwabcinsa mai sayar da igiya ya ce shi ma ya ji. In kunne ya ji jiki ya tsira, Yaya, ni kuwa kunnena yana wurin gyara. Na dawo na kwashe waken duka na sayar wa masu kiwo yadda ya samu, ban tsaya ciniki ba, har mai sayen ya tambaye ni ko lafiya. Na ɗaura takunkumi na bi garejin da jiƙaƙƙen tsumma, don in na sa tsintsiya ƙurar za ta tashi ta koma inda ba a so. Na goge bango, na goge dakali, na buga wa tagar raga mai ƙananan ido. Garejinki bai taɓa yin tsabta irin ta yanzu ba. Amma an ce da na sani ƙeya ce.

Saura akwati ɗaya, shi ma ya rame, masu gadin ƙofarsa ba su taka kara sun karya ba. To kiyashin da na kora daga gareji ai ba ƙasar suka bari ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Suka gano akwatin nan ba shi da ƙarfi, suka ja sabon layi suna hawa ta ƙafafun teburin da yake kai, suna kwasar zuma da 'ya'ya. Baba ya sa ƙafafun a cikin gwangwanayen ruwa yadda ya saba, amma zafi yana shanye ruwan kafin azahar, kuma ƙudan da suka raunana suna faɗawa ciki su mutu. Na ga yana tsugune yana tsamo su da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Rannan na ji ya gaya wa uwar 'yan biyu cewa in wannan ya tafi shi ke nan, ba shi da sauran abin da zai tsare a gidan nan.

Ni kuma na san abin da ke tsayar da kiyashi, na gani da idona. Yana cikin buhun takarda a kan kanta a gareji. Amma da wane baki zan je in ce wa mutumin nan in kawo farar hoda kusa da akwatinsa na ƙarshe? Na aika uwar 'yan biyu ta shafa masa maganar, don ita har yanzu 'yarsa ce, ni ne bare. Ta dawo ta ce ya ce ko sunan abin nan kada a sake kira masa. Ta ƙara da nata, wai in da ita ce ma haka za ta ce, kuma in ina da dabara in nuna ta da hannu, don bakina ya gama cin kasuwarsa a gidan nan.

Sai na bi shawararta. Na tara gwangwanayen madara manya da ƙanana, na zauna a ƙofar gareji inda yake iya gani na daga kujerarsa, na yi ta yanka da almakashin kwano. Dabarar ita ce ƙafar tebur ta zauna a cikin ƙaramin gwangwani mai hoda a gindinsa, sannan a kife babba a sama kamar hula, bakinsa ya sauko ya rufe, ya bar 'yar tazarar da kiyashi zai shiga amma ƙuda ba zai iya ba. Ruwa ba zai jiƙa ta ba, iska ba za ta ɗebe ta ba, duk mai son hawa kuma dole ya bi ta ciki. Na yanke yatsa, na ɓata gwangwani ya fi a ƙirga. Yana kallo ta wutsiyar ido yana yi kamar carbi yake ja. Da na gama na jera su a ƙasa na koma gefe.

Ya daɗe kafin ya taso. Ya shiga ɗaki ya fito da farantin nan, ashe bai zubar da su ba. Ya ɗauki gawar ƙuda ɗaya, mafi ƙanƙanta, ya tsuguna ya yi ta gwada tura ta cikin tazarar kowane gwangwani, ta kowane gefe. Uku suka hana ta shiga. Na huɗu ta shige. Ya miƙo mini shi ba tare da ya dube ni ba, ya ce a matse wannan. Na matse, ya sake gwadawa, ta ƙi. Sannan ya ce in ɗauko abin, amma a cikin gareji za a zuba, ƙofa a rufe, kuma shi zai tsaya a kaina. Na ɗebo a bakin cokali ina barbaɗawa da buroshi, hannuna yana ƙaiƙayi, wallahi har ya fara komawa buhun da kansa. Sai na ji ya ce a zuba daidai, ban da gyara. Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da ya yi mini tun ranar faranti, kuma na karɓe ta hannu biyu.

Aka zo ɗaga akwatin don a sa gwangwanayen. Hular raga ɗaya ce a gidan, ya miƙo mini, na ce shi ya sa, ni ai ɗagawa kawai zan yi. Ban sani ba ko jarumta ce ko neman suna, ke dai kin san ƙaninki. Ya busa musu hayaƙi kaɗan, na rungumi akwatin na ɗaga, yana zura wa teburin gwangwani ƙafa bayan ƙafa, yana yi a hankali kamar ba nauyi nake ɗauke da shi ba. Ana kan ta ƙarshe sai wata ta fito ta zauna mini a leɓe. Ina ji ina gani ta soka, kuma ba halin in saki, don in na saki akwatin ya tafi. Na tsaya hawaye yana zuba har ya ce in sauke. Kafin in wanke hannu leɓen ya yi gaba ya bar fuskar a baya. 'Yan biyu suka gan ni suka ruga bayan uwarsu. Ita kuwa ta riƙe ciki ta ce yau ta ga ikon Allah. Baba ya cire hular, ya dube ni sosai, karo na farko, sai kafaɗarsa ta fara rawa don dariya. Ya ce shekara da shekaru yana neman abin da zai rufe bakin Aku bai samu ba, ga ma'aikaciya ɗaya ta yi shi a tashi guda. Ya ce Aku, Yaya. Na shiga gareji na rufe ƙofa, na ce musu hayaƙi ne ya shige mini ido.

Ba zan yi miki ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Kiyashin sun daina hawa, layinsu yana zuwa gindin gwangwani ya watse. Ƙudan sun fara fitar safe, ba kamar da ba, amma suna fita, kuma jiya ya nuna wa uwar 'yan biyu wasu da suka dawo da garin fure rawaya a ƙafa. Ko za su kai damina, Allah kaɗai Ya sani. Akwatuna biyu suna nan fanko, duk safiya sai na wuce ta gabansu in za ni kasuwa, kuma babu safiyar da ba na tuna dariyar da na yi. Ita ƙudar da ta harbe ni ma mutuwa ta yi, don in sun yi harbi ba sa rayuwa, ke nan ita ma a wuyana take. Jakar tafiyar tana nan a bakin ƙofarsa, bai mai da ita kan kabad ba, ni kuma ban isa in taɓa ta ba.

Na san kina son sa kusa da ke, kuma kin fi ni iya riƙe shi, likita ma yana kusa da ku. In ya zo don yana so, ni zan ɗaukar masa jakar har mota. Abin da ba na so shi ne ya zo don na ƙwace masa abin da ke tashin sa da safe, ya je ya zauna a bene yana kallon bango irin na wancan lokacin. Wannan ba zan iya ɗauka ba, ke ma ba za ki so ganin sa haka ba.

Yau da safe ya ga ina rubutu ya tambaya wa nake rubuta wa, na nuna masa sunanki da yatsa tunda bakin ba ya aiki. Ya ce in gaishe ki, in sa miki albarka a madadinsa, in kuma gaya miki ki dakata da maganar tikiti, ma'aikata ba su ba shi hutu ba tukuna. Sannan ya ce in na gama in fito da akwatunan nan biyu, mu kankare su mu shafa musu kaki a ciki, ko Allah Zai kawo wasu masu neman gida. Ya ce a garejinki za a ajiye su kafin lokacin, tunda yanzu ya fi ɗakin kowa tsabta, kuma in tambaye ki izini. To ga shi ina tambaya, wannan karon tun kafin in sa.

Ki gaishe mini da maigidanki Injiniya, ki ce masa ina sane da dariyar da zai yi, na yafe masa tun yanzu. Ki gai da Babban Yaya da 'yar lelen Baba da Auta, ki ce su yi karatu da kyau, kuma in ana yi musu bayani su saurara har ƙarshe. Uwar 'yan biyu tana gaishe ki, ta ce in kin tashi aiko da saƙo ki sako mata rariya. 'Yan biyu suna gai da Mama Babba. Gwaggo ma tana gaisuwa, ko da yake na san za ta riga takardar nan isowa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki mai kumburarren baki,
Aku